Gwajin shigar da ƙidayar makarantu ta intanet: wa ya gwada, me ya gani?

Baban Sadiya (Gidar):
Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai da iyaye. Ya aiki, ya ɗawainiyar yara? Na zo da wata magana da ta tsaya mini a rai tun shekaranjiya.

Ina cikin daraktocin makarantun firamare da aka zaɓa a gundumarmu, nan arewacin Kamaru, don gwada shafin intanet da za a riƙa shigar da ƙidayar makarantu ta cikinsa, maimakon takardar tambayoyin nan mai shafuka da yawa da muke cikawa da biro kowace shekara mu kai ofishin sufeto. An ba ni lambar makaranta da kalmar sirri, aka ce gwaji ne, in shigar da bayanan bana, in kawo rahoton abin da na gani.

Farkon abin bai ba ni wuya ba. Sunan makaranta, yanki, gunduma, ta gwamnati ce ko mai zaman kanta, ɓangaren Faransanci ko na Ingilishi, duk na zaɓa na wuce. Da na iso teburin ɗalibai, inda ake raba yara aji aji daga SIL zuwa CM2 (wato SIL, CP, CE1, CE2, CM1, CM2, aji ɗaya zuwa aji shida), maza daban mata daban, kowa a ƙarƙashin shekarunsa, nan na tsaya cak. Ina da yara 'yan shekara 10 da 11 a SIL. Ina da yarinya 'yar shekara 13 a CE1, sai da mahaifinta ya rasu kawunta ya kawo ta. Shafin ya ƙi karɓarsu, ya yi ja, wai shekarun sun wuce iyakar ajin. Sannan yara 46 a makarantata ba su da takardar haihuwa, kuma babu gurbin da aka rubuta "ba a san shekarunsa ba".

Zaɓi biyu ke gabana: in rage wa yaran shekaru shafin ya wuce, ko in bar su a waje kamar ba su zuwa makaranta. Duka biyun ƙarya ne. Wanda ya yi wannan gwaji a cikinku, don Allah yaya ya yi?

Kawu (Figil):
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ɗora wa kanka abin da ba a ɗora maka ba. An ce maka gwaji ne. Ka zuba su duka a shekara 7 ka danna ka wuce. Jimillar ce ake dubawa, ita kuwa ba za ta canza ba.

Hajiya Darakta (Marwa):
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Kawu, ka yi haƙuri, ban yarda da wannan shawara ba. Ai saboda gwaji ne ma ya kamata Malam ya ƙi dannawa. Idan duk wanda aka ba gwajin ya lallaɓa shafin ya wuce, rahoton da zai koma ma'aikata a Yawunde, babban birni, shi ne komai lafiya, a buɗe wa ƙasa baki ɗaya. Daga nan kuma sai mu yi shekaru muna rage wa yara shekaru.

Ni ma ina cikin gwajin. Tawa matsalar daban ce. Makarantarmu rukuni biyu ce a harabar guda, wasu su zo da safe wasu da rana, mako mako muna musanya. Kowane rukuni da daraktansa da lambarsa, amma azuzuwan da bencinan da makewayin duk ɗaya ne. Da na shigar da azuzuwa 8, abokin aikina shi ma ya shigar da 8. Wanda ke zaune a ofis yana tarawa zai ga azuzuwa 16, alhali gini 8 ne ke tsaye. A lissafinsa ba mu da cunkoso, ba mu buƙatar gini. A takarda mukan rubuta bayani a gefe da jan biro. Shafin ba shi da gefe.

Ɗan Kwamfuta (Ngaundere):
Ina gaishe da iyayena da yayyena. Ni ba malami ba ne, amma daraktoci uku na taimaka wa da wannan gwaji a shagona, kuma irin wannan aiki na karanta. Bari in ɗan yi bayanin abin da Baban Sadiya ya ci karo da shi.

Jan rubutun nan da gangan aka sa shi. Mai gina shafi yakan kafa ƙa'idojin tantancewa don kama kuskuren yatsa, kamar mutum ya so rubuta 7 ya rubuta 77, ko jimillar maza da mata ta saɓa da jimillar aji. Wannan abu ne mai kyau. Amma ƙa'idar iri biyu ce. Akwai mai toshe hanya, ba ka wucewa sai ka gyara. Akwai mai gargaɗi kawai, ta tambaye ka "ka tabbata?", ka ce e, ka wuce. Jimillar da ba ta haɗu ba ita ta cancanci toshewa, don lissafi ba ya da fuska biyu. Shekarun yaro kuwa gargaɗi ya kamata a yi, don yaro ɗan shekara 11 a SIL ba kuskuren yatsa ba ne, yaro ne mai rai yana zaune a kan benci. Wanda ya gina shafin ya ɗauki shekarun da doka ta tsara, 6 zuwa 11 a firamare, ya ɗan ƙara kaɗan, ya kulle. Gyaran bai fi aikin yini ɗaya ba, in dai an gaya masa.

Kuma Kawu, ranka ya daɗe, ba jimilla kaɗai ake dubawa ba. Da teburin shekarun ake fitar da yawan yaran da suka shiga makaranta a kan lokaci da waɗanda suka makara. In aka zuba kowa a shekara 7, arewa za ta bayyana kamar yaranta duk a kan kari suke shiga.

Kawu (Figil):
Ɗana, na ji ka. Amma shekara 19 ina cika takardar nan. Ka nuna mini benci ɗaya da ya zo makarantata saboda na rubuta gaskiyar shekarun yara. Mu cika, a tara, a buga littafi mai kauri, shi ke nan. Abin da ya sa nake cewa kada mutum ya kashe kansa.

Baba Sufeto mai ritaya (Garwa):
Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta mini, idona ba ya jure ƙananan baƙaƙen waya. Na ji maganar Malam na Figil, kuma ba zan ce ba shi da dalili ba, don gajiya ce ke magana, kuma gajiyar ta gaskiya ce.

Amma bari in gaya muku yadda takardarku take tafiya, don ni na zauna a kujerar da take fara sauka. Darakta ya cika ya kawo ofishin sufeton gunduma. Mu duba, mu tara, mu aika ofishin wakilin ma'aikata na sashe, daga nan zuwa na yanki, daga nan zuwa ma'aikatar ilimin firamare a Yawunde. A kowane mataki akwai mai kwafa da hannu ko mai bugawa a kwamfuta, kuma kowane mai kwafa ɗan Adam ne. Kafin a buga littafin ƙididdiga na shekara, yaran da aka ƙidaya a CM2 sun riga sun zauna jarrabawar CEP ta kammala firamare sun watse. To amma duk da jinkirin, da waɗannan alƙaluma ake aiki. In za a raba sabbin malamai, yawan ɗalibai ga kowane malami ake dubawa. In za a kawo kayan fara shekara, alli da rajista da sauransu, lissafin nan ake buɗewa. Da aka sa Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa da Gabas cikin yankunan da ake ba fifiko a harkar ilimi, ba da baki aka yi ba, alƙaluma ne suka nuna mun yi baya. Bencin bai zo ba, Malam, gaskiya ne. Amma da ba a rubuta cewa babu bencin ba, ko hujjar nemansa ba za mu samu ba.

Abin da nake tsoro a sabon tsarin shi ne wannan. A da, in darakta ya kawo mini takarda na ga SIL 140, CP 35, nakan ajiye biro in tambaye shi ina sauran yaran suka shiga. Wani lokaci ya ce kuskure ne, wani lokaci ya ce an buɗe wata makaranta kusa, wani lokaci ya sunkuyar da kai. In yanzu daga wayar darakta bayanin zai tashi kai tsaye zuwa sama, wa zai yi wannan tambayar? Ku da kuke gwaji ku duba mini: akwai matakin da sufeto zai gani ya amince kafin ya wuce, ko babu?

Hajiya Darakta (Marwa):
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. A wanda na gwada, bayan na danna "aika" sai ya rubuta cewa ana jiran tabbatarwa. Ina zaton matakinku ke nan. Sai dai ban ga inda sufeto zai mayar mini da shi da bayanin abin da zan gyara ba. Zan sa wannan a rahotona.

Baba Sufeto mai ritaya (Garwa):
Ki sa, 'yata. Allah ya yi miki albarka. Tabbatarwar da ba ta da hanyar mayarwa, sa hannu ne kawai.

Malamin Iyaye (Mora):
Salama alaikum. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a cikinku, amma ina da tambaya ga waɗanda suka ga shafin da idonsu. A wajen malamai, akwai gurbinmu? Ina nufin mu da ƙungiyar iyaye ke biya. A makarantarmu mu biyar ne, darakta kaɗai ke karɓar albashin gwamnati, mu huɗu iyaye ke haɗa mana abin da ya samu, wani watan ya zo wani watan a ce sai an sayar da albasa. Shekara 7 ina riƙe da CP. In aka ƙidaya mu a matsayin malamai kawai ba tare da an bambanta ba, za a ce makarantar tana da malamai biyar, ta wadatu. In kuma aka bar mu, za a ce mutum ɗaya ke koyar da aji shida, mu kuma kamar ba mu taɓa riƙe alli ba. Ko wanne aka yi akwai ciwo.

Baban Sadiya (Gidar):
Ƙanena, akwai gurbinku. An jera ma'aikacin gwamnati, ɗan kwantiragi, malamin iyaye. Wannan na gani da idona. Amma ga inda aka yi tuntuɓe: kowane malami sai an sa masa lambar ma'aikaci kafin shafin ya karɓe shi, ku kuma ba ku da ita. Na gwada barin wurin fanko, ya ƙi. Na gwada sifili, ya karɓi na farko, da na zo na biyu ya ce wannan lamba tana da mai ita. Malaman iyaye uku nake da su, ɗaya kaɗai ya shiga.

Malamin Iyaye (Mora):
To ka gani, yaya. An yi mana ƙofa an manta da mabuɗi. Don Allah ka rubuta wannan da manyan baƙaƙe. Tun da aka ce firamaren gwamnati kyauta ce a shekarar 2000 yara suka ƙaru, kuma a ƙauyukanmu mu ne muka tare giɓin. Ba kuɗi nake roƙo a nan ba, a san dai muna nan.

Ɗan Kwamfuta (Ngaundere):
Wannan babbar matsala ce, kuma irin ta ce ake yin gwaji domin a kama. Maganinta shi ne lambar ta zama dole ga ma'aikacin gwamnati da ɗan kwantiragi kaɗai, shi kuwa malamin iyaye shafin ya ƙirƙira masa tasa lambar da kansa.

Tun da an taɓo sifili, akwai abin da nake roƙon kowane darakta ya kiyaye. Fanko daban, sifili daban. In aka tambaye ka makewayi nawa, ka sa 0, ka ce babu ke nan, kuma za a lissafa ka cikin makarantun da ba su da shi. In ka bar wurin fanko, ka ce ba ka amsa ba, sai a cire ka daga lissafin gaba ɗaya. Ɗaya daga cikin daraktocin da na taimaka wa ya tsallake rijiya da makewayi da wutar lantarki duka, ya ce ai babu, me zai rubuta. Na ce masa Baba, babun ita ce amsar, ita ake nema. Ku gwada ma ku gani ko shafin yana barin mutum ya tsallake waɗannan, in yana bari, wannan ma aibi ne.

Maman Yusuf (Kuseri):
Assalamu alaikum. Ni uwa ce, ina riƙe da kuɗin ƙungiyar iyaye a makarantar unguwarmu. Ina bin maganarku tun safe. Tambayata, wa zai biya kuɗin intanet ɗin? Don na san ƙarshenta wajenmu za a zo. Kuma sunayen 'ya'yanmu za a sa a ciki ko yawansu kawai? In sunaye ne da ranar haihuwa, wa ke iya gani? Darakta ya je shagon kwamfuta ya ba yaron shago kalmar sirri, gobe yaron yana da bayanan makaranta duka a hannunsa. Ɗan Kwamfuta kada ka ji haushi, ba kai nake nufi ba.

Ɗan Kwamfuta (Ngaundere):
Mama, ban ji haushi ba, gaskiya kika faɗa. Wanda muka gwada yawan yara yake tambaya, ba sunayensu ba, amma na malamai akwai suna da ranar haihuwa da lambar waya. Ni nakan juya wa darakta allon ya buga kalmar sirrinsa da hannunsa, kuma in mun gama in fitar da shi daga shafin a gabansa, in tabbatar kwamfutar ba ta riƙe kalmar ba. Ba kowane shago ke yin haka ba. Ya kamata a koya wa daraktoci canza kalmar sirri tun ranar farko.

Malam na Yagwa:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri sai yanzu na samu rezo, wato sabis ɗin waya, kuma wannan ita ce maganar tawa. Ku na birni kuna maganar gurbi da lamba, mu ba mu ma kai ga ganin gurbin ba. Daga makarantata zuwa inda waya ke kama intanet sosai sai na hau babur, sefa 1,500 zuwa, 1,500 dawowa, daga aljihuna. Ranar Asabar na je na zauna ƙarƙashin darbejiya da rajistoci shida a cinya. Na cika SIL, CP, CE1, CE2, ina tsakiyar CM1 rezo ya ɗauke. Da ya dawo shafin ya ce in sake shiga. Na shiga, babu ko ɗaya, fari fat. Kusan awa biyu. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, ba don wahalar ba, don na bar yara da iyali na zo.

Na sake farawa, wannan karon ina gama kowane aji ina neman inda zan ajiye. Babu. Maɓallin ajiya yana can ƙarshen shafi na ƙarshe. Caji ya ƙare kafin in kai.

Sannan wata tambaya da ba ta da wurin amsa. Ambaliyar 2024 da ta ci sassan Mayo-Danay da Logone-et-Chari ta rushe mana azuzuwa biyu na ƙasa. Yanzu CE1 da CE2 a rumfar zana suke. Shafin yana da gini na siminti, na rabin siminti, da na wucin gadi. Rumfar na sa ta a wucin gadi. To aji ɗaya kuma a gindin bishiya yake, ba bango ba rufi. In na sa shi a wucin gadi na ƙara wa makaranta ɗakin da babu. In ban sa ba, shafin ya ce rukunin ɗalibai sun fi ɗakuna yawa, in gyara.

Hajiya Darakta (Marwa):
Innalillahi. Sannu Malam, Allah ya saka da alheri. Wannan rahoton naka ya fi na kowa nauyi a cikinmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da a birni kaɗai aka yi gwajin, da babu mai jin wannan.

Ɗan Kwamfuta (Ngaundere):
Malam na Yagwa, sannu da ƙoƙari. Abin da ya same ka yana da magani, kuma ba sabo ba ne. Akwai manhajojin tattara bayanai irin su KoboToolbox da ODK da ƙungiyoyin agaji ke aiki da su a yankunan nan namu. Ana sauke takardar tambayoyin a waya sau ɗaya, a cika ta ba tare da intanet ba, ko a tsakiyar daji ne, tana ajiye a cikin wayar. Ranar da aka samu rezo a danna aikawa, cikin ɗan lokaci ta tafi. Ban ce lallai sai su za a ɗauka ba, amma duk tsarin da za a ce daraktan ƙauye ya yi aiki da shi dole ya iya wannan. In ba zai iya ba, to aƙalla ya riƙa ajiye kowane shafi da kansa.

Kafin a gyara, ga dabara. Ka cika komai a takarda tukuna a gida, ka haɗa jimillarka ta tsaye da ta kwance su daidaita, ta yadda in ka zauna gaban waya kwafa kawai za ka yi. Kuma in ka danna "aika" ka ga ya tsaya yana juyawa, kada ka sake dannawa. Wani darakta a nan ya danna sau uku, makarantarsa ta fito sau uku a jerin.

Kawu (Figil):
To kun ji. Takarda dai aka koma. Aiki ɗaya ya zama biyu, a cika da biro a sake cikawa da yatsa. Ni abin da nake faɗa ke nan tun farko.

Baba Sufeto mai ritaya (Garwa):
Malam, a shekarun farko haka zai kasance, kuma gara haka. Kada wanda ya yar da takardarsa. Ita ce shaidarka ranar da aka ce maka alƙalumanka ba su iso ba, ko sun iso a karkace.

Akwai wata magana da ba wanda ya taɓo, ni tsoho bari in faɗe ta. Mun san akwai masu ƙara yawan yara don a ƙaro musu malami ko kaya, akwai kuma masu ragewa saboda lissafin kuɗin iyaye. Na gani da idona, ba sau ɗaya ba. Na'ura ba za ta hana wannan ba, abin da aka ba ta shi take haɗiya. Sai dai tana da abu guda da mu ba mu da shi: tana iya ajiye na bara kusa da na bana. CE1 na bara su ne CE2 na bana, in aka cire masu maimaitawa da waɗanda suka bari. In lissafin ya yi tsalle ba dalili, nan take za a gani. Ramin ƙarya ƙurarre ne, yanzu kuwa zai ƙara ƙurewa. Shi ya sa nake ce wa Malam na Gidar kada ya rage wa yaro ko wata ɗaya. Ƙaryar da ka yi bana don shafi ya wuce, baɗi sai ka yi wata don ta rufe ta.

Malamin Iyaye (Mora):
Baba, a gafarce ni, amma a wajenmu lissafi yana tsalle da dalili. Tun da rikicin Boko Haram ya shigo sassan Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga, ƙauyukan bakin iyaka suka watse, yaransu suka dawo makarantun cikin gari. Akwai shekarar da ajina ya kusa ninkawa tsakanin Oktoba da Janairu. Akwai makarantun da sunansu yana nan a jerin amma a harabar wata makaranta suke karatu. Ga sansanin Minawao da ke nan tun 2013 da yaran 'yan gudun hijira daga Najeriya. In na'urar za ta ɗauki kowane tsalle a matsayin ƙarya, mu ne za mu fara shan zargi.

Baba Sufeto mai ritaya (Garwa):
Ka yi gaskiya, ɗana, na karɓi gyara. Shi ya sa ake buƙatar wurin rubuta bayani, gefen nan da Hajiya ta ce babu. Na'ura ta nuna tsallen, mutum ya faɗi dalili, sufeto ya je ya gani.

Maman Yusuf (Kuseri):
Mu ma nan akwai yaran da iyayensu ke zirga-zirga tsakanin Kuseri da Njamena ta gadar Ngeli, wata uku nan wata uku can. Kuma har yanzu ba a amsa mini maganar kuɗin intanet ba.

Hajiya Darakta (Marwa):
Maman Yusuf, ni da kuɗina na saya, ban taɓa na iyaye ba, kuma zan rubuta nawa na kashe a cikin rahoton don a san aikin yana da tsada. Kowa ya rubuta nasa, har da kuɗin babur.

Wani abin kuma da maganarki ta tuno mini shi ne ranar ƙidaya. Wace rana ake nufi? Mu nan Diamaré, sashen da Marwa take ciki, ana buɗe makaranta a Satumba, amma yaran karkara da yawa ba su cika aji sai an gama dashen masakwa, dawar rani, a karal, wato gonakin laka. Wajen su Baban Sadiya kuma tsinkar auduga tana ɗauke wasu. Darakta ɗaya ya ƙidaya a makon farko na Oktoba, wani a ƙarshen Nuwamba, an tara su wuri guda kamar rana ɗaya aka ɗauka. Ya kamata a rubuta a saman shafin ƙarara: yaran da ke cikin rajista a rana kaza. Kowa ya bi ita.

Baban Sadiya (Gidar):
Na gode muku ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yanke shawara ba zan rage wa kowa shekara ba, zan bar teburin a buɗe yadda ya ƙi, in ɗauki hoton jan rubutun in haɗa da rahoto. Game da yara 46 marasa takardar haihuwa, da ma muna bin iyayensu kan takardar kotu da ke maye gurbinta, don in sun kai CM2 babu ita za su sha wuya wajen rajistar CEP. Amma wannan aikin watanni ne, ƙidaya ba za ta jira shi ba, dole a buɗe musu gurbi.

Ina roƙon Hajiya da Malam na Yagwa mu haɗa abin da muka gani a takarda ɗaya, kowa ya kai wa sufetonsa kwafi, don kada a ce matsalar mutum ɗaya ce. Ɗan Kwamfuta, kai ka san harshen masu ginin, ka taimaka mana da tsara shi da Faransanci yadda za su gane da wuri.

Ɗan Kwamfuta (Ngaundere):
Da yardar Allah, Baba. Kowa ya turo mini abu huɗu a kan kowace matsala: wane shafi ne, me ka shigar, me ya fito, kuma da wace irin waya ko kwamfuta. Hoton allo ya fi dogon bayani, amma ku rufe sunayen malamai da lambobinsu kafin ku turo. Ku gwada mini kuma suna mai ɗ ko ɓ ko ƙ, irin na Hausa da Fulatanci, ku ga ko yana fitowa daidai ko yana komawa alamar tambaya.

Kawu (Figil):
Ni ba a sa ni cikin gwajin ba. Amma in ana karɓa daga wanda ba ya ciki, ku ƙara da nawa: ina da aji biyu a ɗaki ɗaya da malami ɗaya, CM1 da CM2. Ko a takarda kullum sai na yi bayani a gefe. Ku duba ko shafin ya san da irin wannan.

Malam na Yagwa:
Kawu, zan duba maka, ni ma ina da irinsa. Asabar mai zuwa zan sake hawa babur in Allah ya kai mu, wannan karon da takarda a cike da batirin aro. Ɗan Kwamfuta, ka bar wayarka a kunne wajen ƙarfe goma, in ya sake gogewa zan kira ka tun ina wurin.